Babi na Shida: Katin Manya da Hanyar Gwanzu

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya yi niyyar Dubai ko Gwanzu, daga tasha tafiyarsa take farawa. Ko dai ya hau bas ya bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 650, ya iske filin jirgin Diori Hamani a Yamai, ko kuwa ya yi kudu ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina ya faɗa Kano, wadda ta fi masa kusa ƙwarai. Daga Yamai akwai jirgin Habasha mai bi ta Addis Ababa, da na Turkiyya mai bi ta Istambul, da na Maroko mai bi ta Kasablanka, da ASKY mai bi ta Lome. A Kano ma jirgin Habasha yana sauka, kuma na Ƙatar ya fara zuwa a 2022.

Wannan zirga-zirga tana da tushe. Alhazan Maraɗi sun yi suna tun zamanin cinikin gyaɗa da fatu, har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Iyayen sun yi fatauci tsakanin Maraɗi da Kano da tashar ruwan Kwatano. Ƴaƴan sun ƙara nisa: Deira a Dubai, Laleli a Istambul, Gwanzu da Yiwu a ƙasar Sin. Wayoyi da atamfa da takalma da kayan babur da suka cika shagunan unguwar Sabon Gari da babbar kasuwar Maraɗi, da yawansu ta wannan hanya suka zo. Saboda haka a yau garin yana da mutanen da ke hawa jirgi sau da dama a shekara, kuma irin waɗannan mutane su ne banki ke nema da katinsa na manya, mai launin zinariya ko baƙi wuluk, mai alkawarin falon hutawa da ƙarin kaya da tikitin kyauta. Tambayar wannan babi ɗaya ce: yaushe ne katin nan ke mayar wa mai shi kuɗinsa, yaushe ne kuma yake ci daga uwar kuɗi?

Kati iri uku, ana kiran su da suna ɗaya

Ana yawan cakuɗa abubuwa uku, kuma daga nan asara take somawa.

Na farko katin kamfanin jirgi ne, wanda ake rubuta wa matafiyi maki duk lokacin da ya hau: ShebaMiles na Habasha, Miles&Smiles na Turkiyya, Safar Flyer na Maroko, Skywards na Emirates, Flying Blue na Air France. Shigarsa kyauta ce, ba a biyan ko sisi. In tafiya ta yi yawa a ɗaga ka zuwa mataki na sama, a ba ka ƙarin kaya da izinin shiga falo.

Na biyu katin banki ne na manya, irin Visa Gold ko Platinum da bankunan yankinmu ke bayarwa. Akasarin katunan da ke hannun mutane a ƙasashen sefa na cirar kuɗi ne: abin da ka ajiye shi kake kashewa. Babban katin yana ba ka damar cire kuɗi masu yawa a rana, wani yana zuwa da inshorar tafiya ko izinin shiga falo a wasu filaye, ana kuma cire maka kuɗin shekara.

Na uku shi ne wanda ya haɗa biyun ya ƙara bashi a kai: banki da kamfanin jirgi sun ƙulla yarjejeniya, kana sayayya da kuɗin banki, ana rubuta maka makin jirgi, ƙarshen wata ka biya. Emirates NBD da Emirates Islamic suna ba da irinsa da sunan Skywards a Dubai, Garanti BBVA yana ba da na Miles&Smiles a Turkiyya, American Express yana ba da na Air France a Faransa da na Delta a Amurka. Samunsa sai mai takardar zama ko asusu a can, don haka a Maraɗi ana ganinsa ne a hannun masu ofis a Dubai da ƴan uwa mazauna waje. Amma shi ne uban tsarin, kuma wanda ya gane yadda yake aiki ya gane sauran.

Wa ke biyan kyautar?

Kamfanin American Airlines ne ya shahara da buɗe wannan ƙofa a 1981 da shirinsa na AAdvantage, a 1987 kuma ya haɗa kai da Citibank suka fitar da katin bashi mai tara maki. Tun daga nan abin ya girma har ya zama kasuwa mai zaman kanta. A 2023 kaɗai, American Express ya biya kamfanin Delta kusan dalar Amurka biliyan 6.8 a ƙarƙashin yarjejeniyarsu ta kati. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, United ya jinginar da shirinsa na maki ya karɓi dala biliyan 6.8, Delta ya jinginar da nasa ya karɓi biliyan 9. Masu ba da bashi sun karɓi makin a matsayin jingina a lokacin da jiragen kansu ke ajiye ba aiki.

Banki yana sayen maki daga kamfanin jirgi da kuɗi tsaba, sannan ya raba wa masu kati. Shi kuma yana mayar da kuɗinsa ta ƙofa uku: kuɗin shekara, da kuɗin ruwa a kan wanda ya yi jinkirin biya, da ɗan kason da ake yanka wa mai shago duk lokacin da aka biya shi da kati. A Amurka wannan kaso yana kai wa kusan 2 cikin 100, shi ya sa katunan can suka fi kowa kyauta. A Tarayyar Turai doka ta taƙaita kason da bankin mai kati ke samu zuwa 0.3 cikin 100 tun 2015, kyautar katunansu kuma ba ta kai ta Amurka ba.

Duk wanda ya taɓa awon gero ya san gyara. Mai awo ya cika maka tiya, ya ɗebo ɗan tafi ya ƙara, ka tafi kana murna, alhali tun kafin ka zo ya sa kuɗin gyaran nan cikin farashin tiyar. Makin jirgi gyara ne. Yana da daɗi, kuma halal ne ka karɓa in ya zo, amma ba a barin kasuwa mai araha a tafi mai tsada saboda shi.

Abin da katin ke bayarwa da gaske

Adalci ya sa a faɗi amfaninsa, domin yana da shi.

Mafi girmansa ga ɗan kasuwa shi ne kaya. Tikitin talakawa daga yankinmu yawanci jaka biyu ne masu kilo 23 kowace. Wanda ya kai matakin zinariya a ƙawancen Star Alliance, inda jiragen Habasha da Turkiyya suke, ana ƙara masa kaya a kan haka. Ga mai ɗauko wayoyi ko turare ko samfurin da yake son ya riga kwantena isowa, jaka ɗaya ta ƙari kuɗi ne a hannu, domin da sai ya biya ta da tsada a wurin awo.

Na biyu falo ne. Daga Yamai babu jirgin da zai kai ka Gwanzu kai tsaye. Dole a yada zango, wani lokaci na sa'o'i masu yawa. Wurin zama mai natsuwa, da abinci, da wurin wanka, da inda za ka sa waya caji ka kira shago, abu ne da dattijo mai ciwon baya ya san darajarsa.

Na uku inshora. In jaka ta ɓata, ko jirgi ya yi jinkiri, ko rashin lafiya ta kama mutum a ƙasar da asibiti ke neman kuɗi kafin ya taɓa shi, katin kirki yana ɗaukar wani kaso. Sharaɗin da aka fi mantawa shi ne, sau da yawa sai in da katin aka sayi tikitin. Wanda ya ba ejan kuɗi hannu ya fita daga inuwar inshorar tun kafin ya tashi.

Na huɗu tsaro. Mai kati ba ya ɗaure dukiyarsa duka a ƙugu ya bi hanyar dare, kuma otal da kamfanonin haya a waje sun fi sakin jiki da shi.

Sai dai a lura da abu guda: ƙarin kaya da falo, waɗanda su ne kan gaba, mai yawan tafiya yana samunsu daga katin jirgi na kyauta, in dai ya tsaya a kamfani ɗaya ya tara tafiyarsa wuri guda. Wanda ya fi kowa buƙatarsu shi ne wanda ya fi kowa sauƙin samunsu ba tare da biya ba.

Abin da ake biya

Kuɗin shekara shi ne na fili. Katin Delta Reserve ya koma dala 650 a 2024. Platinum na American Express ya tashi daga 695 zuwa 895 a 2025, Sapphire Reserve na bankin Chase kuma daga 550 zuwa 795 a shekarar. In aka lissafa dalar Amurka a kan sefa 600, dala 650 ta kama jika 390. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun 2024. Ke nan kuɗin riƙe katin ya haura albashin wata tara na yaron shago. Katunan bankunan gida ba su kai haka tsada ba, amma su ma alherinsu bai kai haka ba, kuma ana cire kuɗin ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba.

Kuɗin canji shi ne na ɓoye. Sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka mai biya a Faransa ya san inda ya tsaya. Amma kuɗin Dubai yana ɗaure da dalar Amurka, na Sin da na Turkiyya kowanne da tafiyarsa. Duk biyan da aka yi da katin sefa a can sai an canza, banki kuma yana ɗora nasa kason a kai. Masu lissafin maki suna kimanta kowane guda a kan kimanin santi ɗaya na dala ko sama kaɗan, wato wanda ake ba maki ɗaya a kowace dala yana samun kusan 1 cikin 100 na abin da ya kashe. In kuɗin canji ya kai 2 ko 3 cikin 100, an karɓe da hagu fiye da abin da aka miƙo da dama. Wasu manyan katunan suna yafe wannan kuɗi. Wannan layi ne da ya kamata ido ya fara nema a takardar banki.

Kuɗin ruwa shi ne mai kisa. A Amurka ruwan katin bashi ya haura 20 cikin 100 a shekara a 2023 da 2024. A ƙasashen sefa na yankinmu, wato UEMOA, an sa wa bankuna iyakar 15 cikin 100 a 2014. Ko da wannan iyaka, jinkirin wata ɗaya yana cinye makin da sayayyar ta kawo, na wata biyu kuma ya shiga aljihu. Ɗan kasuwa kuwa ya san jinkiri ba sai da sakaci ba: kwantena ta maƙale a tashar ruwa, ko iyaka ta rufe kamar yadda Najeriya ta rufe tata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, kaya suna can, ranar biya tana nan.

Ga Musulmi maganar ta wuce lissafi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a fitar ko a yi amfani da katin bashi mai sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Ta halatta wanda babu wannan sharaɗi, tare da kuɗin hidima tsayayye. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda larura ta kama a ƙasar da babu wata hanya. A gari irin Maraɗi, inda mutum kan tambayi malaminsa kafin ya sa hannu a takarda, wannan ita ce tambayar farko, kuma ita ta sa bankunan Musulunci suke fitar da nasu katunan.

Dukiyar da wani ke riƙe da ma'auninta

Maki bashi ne da kake bin kamfani, amma kamfanin ne ke faɗin darajarsa, kuma yana iya sauya ta ba tare da ya shawarce ka ba. Yau tikiti yana cin maki kaza, gobe a ƙara. Wasu kamfanoni suna kashe makin bayan shekara uku, wasu bayan shekara biyu in ba a motsa asusun ba. Tikiti mai araha, wanda shi ɗan kasuwa ke nema, sau da yawa rabin maki ko rubu'i yake kawowa. Tikitin da ake kira kyauta kuma sai an biya masa haraji da kuɗaɗen filin jirgi, kujerunsa ƙidayayyu ne, kuma sun fi wuya a daidai lokacin da ake son su: watan Afrilu da Oktoba na baje kolin Gwanzu, ko goman ƙarshe na azumi ga mai niyyar Umara.

Mu a nan mun ga abin da ya fi wannan. Dattawa suna tune da Air Afrique, wanda Nijar ke cikin masu shi, ya durƙushe a 2002. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Air France ya daina sauka a Yamai, a watan Satumba kuma hukumomi suka hana jiragen Faransa ratsa sararin ƙasar. Wanda ya yi shekara da shekaru yana tara Flying Blue ya wayi gari makinsa suna nan a rubuce, jirgin da zai hau da su daga gida babu. A Najeriya, Emirates ya dakatar da zuwa a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale, bai koma Legas ba sai Oktoba 2024. Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar daga Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024 kuwa ya nuna wa kowa cewa kuɗin da ke banki ma wata rana sai an yi layi a karɓe shi kaɗan-kaɗan. Wanda ke zaune a irin wannan yanki, in ya tara maki ya kashe su da wuri. Ajiyarsu ba ta haihuwa.

Lissafin da ya dace da Sabon Gari

Ga inda maganar ta fi shafar mu. An gina katin ne domin mutumin da rayuwarsa duka ke ratsawa ta cikinsa: cefane, man mota, kuɗin makaranta, magani. Kuɗin ɗan kasuwar Sabon Gari ba haka yake tafiya ba. Mai sari daga Tsibiri ya zo da tsabar kuɗi. Manomin rani na Jiratawa ya sayar da zogale ya zo da tsabar kuɗi. Na nesa ya turo ta kamfanin aika kuɗi irin Nita ko Amana. Can a Gwanzu ma mai masana'anta ya fi son a biya shi ta banki ko ta hannun ɗan canji, in kuwa ka nace da kati, wani sai ya ɗora maka kason da za a yanke masa. Mutum yana iya juya miliyoyi a shekara, abin da ya bi ta katinsa bai wuce kuɗin tikiti da otal ba.

Mu ɗauki misali. A ce kati yana cin jika 300 a shekara, mai shi yana tafiya sau biyu, yana kashe sefa miliyan 3 ta cikinsa. Makin da zai samu, a kan 1 cikin 100, darajarsu jika 30 ce. Ya shiga falo sau huɗu. A ce da zai sayi abinci da sha na jika 15 kowane zango, jika 60 ke nan. Ƙarin jaka sau biyu, a ce jika 60 kowace, 120. Jimla 210. Ya biya 300 ya karɓi 210, kafin a zo ga kuɗin canji. To a ce wani yana tafiya sau takwas, yana kashe miliyan 15, yana cika jakar ƙari a kowace dawowa: maki jika 150, falo 240, kaya 480. Wannan ya ci riba bayyananna. Amma shi ma ya tsaya ya duba, domin da tafiya takwas mai nisa a kamfani ɗaya, mai yiwuwa ya riga ya cancanci falo da kaya a kyauta, sai ya zama makin ne kaɗai katin ya ƙara masa.

Ƙa'idar lissafin ita ce a rubuta abin da da ma za a biya daga aljihu, a bar abin da takardar talla ta ƙiyasta. In ba ka taɓa sayen shiga falo da kuɗinka ba, darajarsa a wurinka ita ce kuɗin shayi da burodin da ka saba saye a zango. A kuma ƙara wani shafi da mutane ke tsallakewa: sau nawa ka bar tikiti mai araha na wani kamfani, ko ka bi ta Yamai alhali Kano ta fi sauƙi, don kada makinka su tsinke? Wannan bambanci ma kuɗin kati ne.

Girma

Saura abu ɗaya da ba ya shiga shafin lissafi, kuma shi ya fi sayar da katin. Ma'aikacin banki ya san inda zai taɓa: Alhaji, mutum irinka ai ba ya riƙe ƙaramin kati. Abokin tafiya ya shige falo, kai kana kan benci. Son girma ba aibi ba ne, kuma kasuwanci yana tafiya da kwarjini. Amma girman da ya ɗaga Alhazan garin nan daga wani wuri ya fito: mutum ya karɓi kaya bashi a Kano da baki kawai ya biya ranar da ya faɗa, ya yaye yaran shagonsa ya ba su jari, ya gina masallaci, ya haƙa rijiya. Mai masana'anta a Sin da zai sake maka kwantena kafin ka cika kuɗi, tarihin biyanka yake dubawa. Jika 300 a shekara, cikin shekara biyar, miliyan ɗaya da rabi ne, jarin da zai tsayar da yaro guda da ƙafarsa.

Don haka kafin a sa hannu, a ɗauko fasfo a ƙirga hatimin shekarar da ta wuce, domin tafiyar da aka yi ita ce shaida, wadda ake fata ba ta shiga lissafi. A karɓi takardar banki a ga nawa ya bi ta kati da gaske. A sa wanda ya iya Faransanci ko Turanci ya karanta sharuɗɗan duka, musamman ruwa da canji da inshora, a kai wa malami abin da ya shafi ruwa. A yi rajistar katin jirgi na kyauta tun yau, a riƙa ba ejan lambarsa a kowane tikiti. In bayan wannan lissafi ya nuna riba, a karɓi katin a more shi, a kuma sake lissafin kowace shekara kafin a cire kuɗin sabuntawa. In bai nuna ba, ƙaramin kati ya isa biyan otal da tikiti, sauran kuɗin kuma su koma cikin kaya, inda ɗan kasuwa ya san yadda ake sa su haihu.